Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen shan kondirotin saboda ciwon gwiwa

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aiki a kantin magani, kuma da wuya a wuni wani bai shigo da hoton kwalba a wayarsa ba, ya ce: "Wannan nake so wa Hajiya, an ce yana mayar da guringuntsi." A jikin kwalbar za ka ga an rubuta chondroitin, wato kondirotin, galibi haɗe da glucosamine, wato gulukosamin. Bakina ya gaji da maimaita bayani ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Zan fara da kuskuren da ya kusa raba ni da mahaifina. Baba yana shan wafarin, maganin tsinka jini, tun da gudan jini ya toshe masa jijiyar ƙafa. Ga kuma amosanin gaɓɓai ya hana shi sujada, sai ya dafa bango kafin ya miƙe. Lokacin ban fi shekara biyu a aikin ba, na ɗauko kwalbar kondirotin da gulukosamin na kai masa, ban gaya wa likitansa ba. Bayan kamar mako uku na lura asuwakinsa yana fitowa jawur, na ɗauka dasashi ne kawai. Wata rana bayan sallar Asuba haɓo ya ɓalle masa, muka toshe da auduga, muka sa ruwan sanyi, jini ya ƙi tsayawa har ya jiƙa gaban rigarsa. A asibiti aka auna jininsa. Awon saurin daskarewar jini da ake kira INR, wanda ake so ya tsaya tsakanin 2 da 3 ga mai irin lalurarsa, ya haura 5. Likita ya dube ni ya ce, "Me kuka ƙara masa?" Na ce ai ba magani ba ne, ƙarin abinci ne. Ya ce, "Jini bai san wannan bambancin ba."

Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. An daɗe da samun rahotannin cewa wannan haɗin yana iya ƙara wa wafarin ƙarfi, a rubuce yake, ni ne ban karanta ba. Tun daga ranar, duk wanda ya zo saye sai na tambaye shi abin da majiyyacin yake sha. In na ji wafarin, ba na sayarwa sai da takardar likita, ko da mutum zai yi fushi ya tafi wani kantin. Mai shan asfirin kullum da wanda za a yi wa tiyata ma su faɗa wa likita. A gidanmu kuwa, ranar ganin likita leda nake samu in kwashe duk abin da Baba ke sha, har da jiƙe-jiƙe, in zube a kan tebur.

Sai kuskuren da ke cinye kuɗin mutane: zaton cewa ƙwayar za ta tsirar da sabon guringuntsi. Gaskiya ne akwai kondirotin a cikin guringuntsin jikinmu, yana taimaka masa riƙe ruwa. Amma wanda ka haɗiya ciki yake fara zuwa, kaɗan ne ke shiga jini, kuma babu binciken da ya nuna ya mayar da gwiwar da ta zaizaye sabuwa. A 2006 aka fitar da sakamakon babban gwajin da ake kira GAIT a Amurka, na mutum 1,583 masu amosanin gwiwa, tsawon mako 24. An bai wa wasu kondirotin, wasu gulukosamin, wasu duka biyun, wasu maganin ciwo na likita, wasu kuma ƙwayar da babu komai a cikinta. Kusan 60 cikin 100 na masu shan ƙwayar banzar sun ce sun ji sauƙi, kuma a jimlace kondirotin bai fi ta da wani abin a zo a gani ba. Wani ƙaramin rukuni na masu tsananin ciwo ne kaɗai suka nuna alamar amfana da haɗin biyun. A 2019 ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka ta ba da shawarar kada a yi amfani da shi don gwiwa da kwatangwalo, ta ɗan sassauta a kan amosanin yatsun hannu. A wasu ƙasashen Turai kuwa likitoci suna rubuta nau'in da aka tace a matsayin magani. Ke nan abu ne da zai iya ɗan rage wa wasu ciwo, iyakarsa ke nan.

Ni dokata wata uku ce. Miligiram 800 zuwa 1,200 a rana, a rubuta a takarda tun ranar farko: tafiyar minti nawa majiyyaciya take iyawa, tana iya zaman tahiya ko sai a kujera, sau nawa ciwo ke tashe ta da dare. Bayan wata uku a sake dubawa. In babu canji a daina, kar a ce bari a ƙara kwalba ɗaya.

Ku kuma 'ya'ya, ku ji tsoron Allah. Ka aiko wa mahaifiyarka kwalba shida daga Legas ko daga ƙasar waje, amma shekara biyu ba ka kai ta an duba gwiwar ba, ko hoto ba a ɗauka ba. Wa ya gaya maka amosanin tsufa ne? Gwiwar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi tana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓar, wannan aikin gaggawa ne, a 'yan kwanaki take lalata gaɓa. Babban ɗan yatsan ƙafa da ya tashi mutum tsakar dare da azaba yana iya zama gaut, ciwon da taruwar wani sinadari a cikin gaɓa ke jawowa. Yatsun hannuwa biyu da ke sandarewa fiye da awa ɗaya kowace safiya suna iya zama alamar wata cuta dabam mai maganinta. Matashi mai sikila da ke ɗingishi saboda kwatangwalo, jini ne wataƙila ya daina isa kan ƙashin. Babu ɗaya cikin waɗannan da kondirotin zai yi wa komai, sai ɓata lokaci.

In wani ya ce maka ya sha kwana biyu ciwo ya ɓace, ka yi zargin kwalbar. Kondirotin ba ya aiki da sauri haka. A 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi kan wasu ƙwayoyin ciwon gaɓɓai da ake sayarwa da sunan ƙarin abinci, bayan an gano dikulofenak da dekzametason, magungunan ciwo da kumburi masu ƙarfi, a ɓoye cikinsu. Irin wannan ne ke kumbura fuska, ya tayar da suga, ya jawo gyambon ciki, ya taɓa ƙoda. Kwalbar da babu lambar NAFDAC ba na ko taɓa ta, ita ma lambar ba shaidar warkarwa ba ce.

Sauran a taƙaice. Daga maƙogwaron shanu, guringuntsin alade, kaji ko kifin shak ake samo kondirotin, don haka a duba abin da aka rubuta. In ba a faɗi tushensa ba ni ba na kawowa kanti. Gulukosamin galibi daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa ne, wanda jikinsa ba ya karɓar su ya kiyaye. Mai ciki da mai shayarwa su haƙura. Mai asma ya lura da numfashinsa, mai ciwon suga ya ci gaba da awo. Tashin zuciya, kumburin ciki ko zawo kan faru, a sha bayan an ci abinci.

Abin da ya taimaki Baba daga baya ba a kwalba yake ba. Duk kilo ɗaya da mutum ya sauke yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku, shi kuwa ya sauke shida a hankali. Likitan gashin ƙashi ya koya masa miƙe ƙafa yana zaune ya riƙe ta ya ƙirga goma, don ƙarfafa naman cinya, safe da yamma. Har yanzu a kujera yake sallar farilla, amma da sandarsa yake takawa masallaci sau biyar a rana.