Babi na 7: Abin da Ake Dasa Furen Okid a Ciki

Darasi na 1: Wannan fure ba ya son ƙasa

Ku karanta kan darasin da ƙarfi. Ku sake karantawa. Madalla.

Okid sunan fure ne. Wanda aka fi sayarwa a ƙananan tukwanen roba, mai faɗin ganye da fure fari ko ruwan hoda, asalinsa daga dazuzzukan Indonesiya da Filifin yake. A can a jikin itace yake maƙalewa, kamar yadda kuke ganin kauci a reshen ɗorawa ko kaɗanya. Sai dai kauci tsotsar itacen yake yi, okid kuwa wurin zama kawai ya ara. Saiwarsa a fili take, ruwan sama ya jiƙa ta, iska ta busar da ita. Mu ma a Nijeriya muna da namu na daji, mai fure rawaya da ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa. Akwai wasu danginsa da ke tsirowa a ƙasa, amma ba su ne darasinmu ba.

Idan kuka binne saiwar nan a ƙasa, iska ba za ta same ta ba, sai ta ruɓe. Ƙasar lambu, jar ƙasa, yashin bakin kogin Kaduna, duk ɗaya ne a wurinsa.

Darasi na 2: Haɗin

Ku nemo abu uku: ɓawon kwakwa mai zare-zaren nan na waje, da gawayi, da tsingaro, wato fasasshiyar tukunyar ƙasa. Gawayin na itace, irin na girki, wanda ba a zuba wa kananzir ba. Toka ba gawayi ba ce, kada a kawo min toka.

A yayyanka ɓawon, a farfasa gawayin da tsingaron, kowane gutsure ya kai girman dabino. Ɓawon kwakwa yakan zo da gishiri a jikinsa, gishiri kuwa yana ƙona saiwa. Saboda haka a jiƙa shi a bokiti kwana 3, kullum da safe a zubar da ruwan a sa sabo.

Awo: ɓawo kashi 2, gawayi kashi 1, tsingaro kashi 1. Idan na ce kashi 1, gwangwanin madara cike sau ɗaya nake nufi. Kashi 2, cike sau biyu. Ku ƙirga da ni: ɓawo, ɓawo, gawayi, tsingaro. Gwangwani 4 ke nan. Kun ji na ambaci ƙasa? Ban ambata ba.

Kafin a haɗa, a zuba gawayin a rariya a girgiza, garin ya zube. Garin gawayi idan ya jiƙe yakan toshe 'yan kafofin da iska ke bi, ya zama tamkar ƙasar da muke gudu.

Darasi na 3: Dasawa

Tukunya ta kasance da huji a gindi, har da gefe in da hali. A fara shimfiɗa tsingaro a gindinta. A riƙe furen da hannun hagu a tsakiya, a riƙa zuba haɗin da hannun dama a kewayen saiwa. A ɗan bubbuga gefen tukunyar ya zauna. Ba a dannawa da ƙarfi, ba tuwo ake mulmulawa ba. Gindin ganye ya tsaya a sama, kada ya nutse.

Yanzu za ku leƙa ku ga ramuka tsakanin gutsattsarin, zuciyarku ta ce furen nan yana cikin yunwa. A nan ne kowa yake faɗuwa. Ramukan nan su ne hancinsa. Ku bar su.

Wata baiwar Allah daga Tudun Wada ta yi komai daidai a aji, har na sa aka tafa mata. Da ta koma gida tausayi ya kama ta, ta ɗebo tafi ɗaya na ƙasa da ɗan kashin awaki ta cike ramukan, wai don ya samu abin ci. Bayan 'yan makonni ta dawo da shi, ganye ya yi yaushi, saiwa ta yi baƙi tana wari. Hajiya, ban ga laifinki ba, tun muna yara mun san shuka da ƙasa ne. Sannu ba ta hana zuwa.

Amma jama'a, aji uku ke nan ina faɗin magana ɗaya. Baba, kai ma na ga ƙasa a tukunyarka ranar Talata, ka ce kaɗan ce. Kaɗan ɗin ce ke bin ruwa ta gangara gindi ta toshe huji. Ku ɗauki fensir ku rubuta a littafinku sau 5: Ba a sa wa okid ƙasa. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna, na kusa da shi ya riƙa masa.

Darasi na 4: Ban ruwa

A tura yatsa cikin haɗin. In da danshi, a bari. In ya bushe, a zuba ruwa sosai har ya fita ta gindi. Saiwa mai ƙishi fara-fara take kamar azurfa, wadda ta sha kuma kore. Da hunturu haɗin yana saurin bushewa, a riƙa dubawa. A watan Agusta a janye tukunyar ƙarƙashin rumfa, kada ruwa ya kwana yana dukanta.

Darasi na 5: Sauya haɗi

Bayan shekara 1 zuwa 2 ɓawon yakan ruɓe ya koma kamar ƙasa. To kun san hukuncin ƙasa. A zazzage, a yanke saiwar da ta yi baƙi da reza sabuwa, a koma Darasi na 2.

Darasi na 6: Taki

Na ruwa, ɗan kaɗan, a tsarma shi sosai. Sauran bayani sai mun haɗu a aji.