Yadda na gyara ruɗanin takardun Miserere

Ƙungiyar mawaƙanmu na koyon Miserere na Gregorio Allegri, Zabura ta 51 da Latin, wadda ya tsara wa cocin Sistine na fadar Fafaroma a shekarun 1630. Da zarar an kai gaɓar muryoyi huɗu sai waƙa ta wargaje: mai siririyar murya ta haura can sama, sauran suna ƙasa suna kallonta.

Na tattara takardun kowa na jera a tebur. Ashe bugu biyu ne a hannunmu. Ɗaya ya bi bugun Ivor Atkins na 1951, mai wani sauti na ƙololuwa da ake kira C, wanda ya samo asali daga kuskuren kwafi a ƙamus ɗin kiɗa na Grove na 1880. Ɗayan ya bi bugun Charles Burney na 1771, babu wannan hawan sam. Shi kuma ya sa lambar Zabura 50, bisa ƙirgen Vulgata, wato fassarar Littafi Mai Tsarki ta Latin.

Na zaɓi na Burney, domin ba mu da mai kai wannan sauti ba tare da maƙogwaro ya shaƙe ba. Na sake buga wa kowa, na sa lamba da fensir a kan kowace gaɓa, na karɓe tsofaffin takardun kaf.