Ta da tsohon XT 500 a Garwa: inda ake samun shasi da kayan gyara

Duk wanda ya zo garejina a Yelwa ya ce yana son ta da tsohon babur na daji, tambayar farko da nake yi masa ita ce: shasin yana ina, takardarsa kuma tana hannun wa? Yawanci sai mutum ya kama ba ni labarin inji, ko wani tanki mai sheƙi da ya gani a waya. Shekara 22 ke nan ina wannan sana'a, ban taɓa rasa yadda zan yi da mataccen inji ba. Shasi ne ke kayar da mutum ƙasa.

Da Yamaha XT 500 zan yi misali, don shi na fi sani, shi nake hawa. Ya fito a 1976, silinda ɗaya, cc 499, giya 5, ba shi da sitata sai kik, kuma in ba ka iya lallaɓa shi ba kik ɗin nan zai rama a ƙwaurinka. Da irinsa Cyril Neveu ya ci tseren Paris-Dakar na farko a 1979, wanda ya bi ta Agadas da Yamai, ya sake ci da shi a 1980. Faransawa sun so shi ƙwarai, shi ya sa da yawa daga cikin waɗanda ke nan Kamaru Turawan da suka zo aiki ne suka shigo da su, da za su koma gida suka bar wa direba ko mai gadi. An daina ƙera shi a 1989.

To kada ka ɓata takalminka a shagunan kayan babur na babbar kasuwa, babu shasinsa a can. Yana kwance a ɗakin ajiyar mishan, ko a bayan sansanin mafarauta wajen Faro da Buba Njida, ko a zauren wani dattijo da ya yi aikin gona da Turawa. Tsofaffin malaman auduga su ma suna da nasu, sai dai yawanci ƙananan ne, DT 125 ko AG 100. Hanyar da ta fi ci ita ce ka nemi makaniken da ya fi kowa tsufa a kowane gari, Gidar, Figil, Poli, Cholire, ka zauna ku sha shayi. Shi ya san wanda ya taɓa kawo irin wannan babur gyara, ya san gidan da ya mutu. Ranar Lahadi kuma ka leƙa kasuwar Pitowa ka baza magana, don mutanen ƙauyuka da yawa suna haɗuwa a nan. 'Yan gwangwan kuwa abokan gābar wannan aiki ne kuma abokan arzikinsa: da kilo suke saye, ba ruwansu da tarihi, kafin ka ji labari sun sare shi gida uku. Ka bar musu hoton shasin da lambar wayarka, ka yi alkawarin biyan abin da ya fi kuɗin kilo, kuma ka cika.

Nawa a wani ƙauye na hanyar Lagdo na samo shi, an ɗaure akuya a jikinsa. Na gaida mai gidan, muka yi hirar damina da farashin masara, sai can na ce, "Baba, wannan ƙarfen fa?" Ya ce, "Ɗana, wannan ba ƙarfe ba ne, doki ne ya tsufa." Sau uku na je kafin ya yarda. Da na yi gaggawa ranar farko, da kuɗin ya ninka ko kuma ya hana gaba ɗaya.

In ka samu, fara da lamba. Yamaha na buga ta a jikin wuyan shasi, inda kan babur ke juyawa. Na XT 500 da aka kai Turai yawanci suna farawa da 1U6, na farkon fitowa kuma da 1E6. Lambar inji tana kan akwatin inji, kuma daga masana'anta iri ɗaya suke da ta shasi. In sun bambanta ba laifi ba ne, an taɓa canza inji ke nan, sai ka rage kuɗi. Laifin shi ne ka shafa wurin da yatsa ka ji an goge shi da giranda, ko ka ga haruffan sun karkace kamar an buga su da ƙusa. Wannan ko kyauta aka ba ka, bar shi. Na taɓa sayen irinsa a hannun wani dillali don kwaɗayin araha, na kashe kuɗin fenti da taya, ƙarshe bai taɓa fita titi ba, sai kwance shi na yi na sayar da kayan ɗaya-ɗaya. In akwai kat giriz, wato takardar mallaka, ka gwada lambarta da ta shasi harafi da harafi. In mai shi ya rasu, magada su zauna, a rubuta takardar sayarwa da shaidu, a kai a buga mata hatimi. Lambar tsofaffin nan gajera ce, ba ta kai haruffa 17 irin na baburan yanzu ba, saboda haka kada wani ya tsorata ka da cewa ba ta cika ba.

Sai batun miƙewa. Babur ɗin da ya taɓa yin karo gaba da gaba, alamar tana bayan wuya: fenti ya tsattsage, ko bututun ya ɗan kumbura ta ƙasa. Duba 'yan ƙarafan da ke tsayar da kan babur in ya juya dama ko hagu, in ɗaya ya karye ko an yi masa walda, ya sha ƙasa da ƙarfi. In tayoyi suna jiki, ɗaura zare daga tayar baya ka ja shi zuwa gaba ta kowane gefe, tazarar da ke tsakanin zaren da tayar gaba ta zama daidai dama da hagu. Matakin ƙafa da wurin jingina da suka karye ba komai ba ne, mai walda zai gama da su kafin azahar. Wuya da ya karkace kuwa, masu cewa za su gasa shi da wuta su miƙar suna nan da yawa, ni dai ba na ɗora ɗan mutum a kansa ya kama hanyar Ngaundere.

Ga abin da ya raba XT 500 da sauran, kuma nan ne mutane ke faɗawa rami: man injinsa a cikin shasi yake zama. Bututun sama da wanda ya gangaro ta gaba su ne tankin mai, murfin awonsa yana nan gaban tankin fetur. Shasin da ya shekara 15 a waje ba murfi ya sha ruwan sama da ƙurar hunturu, cikinsa tsatsa ce da laka. In ka ɗora sabon inji a kai, duk wannan dattin zai bi mai ya shiga kan inji ya cinye shi cikin 'yan makonni. A ƙasan bututun gaba akwai 'yar rariya da ake kwancewa da sifana. Cire ta ka gani, ita za ta gaya maka gaskiyar da mai sayarwa ba zai faɗa ba. Bayan haka toshe ƙofofin, cika shasin da kananzir, ka jingine shi a kan busasshen siminti ya kwana. Inda ya jiƙe da safe, nan ne tsaga. Ka girgiza, ka zubar, ka sake, har sai abin da ke fitowa ya fito garau. Nawa sau 7 na wanke. Kuma kada a kusanto da wutar walda sai an wanke shi tas an bar ƙofofinsa a buɗe. Masu kankare fenti da yashi ma ka tsaya a kansu su toshe kowace kafa, don ƙwayar yashi ta fi tsatsa ɓarna.

Kayan gyara kashi-kashi ne, kuma rabinsu ba sa buƙatar tafiya ko'ina. Boris da sil duk suna da lamba ko awo a jikinsu, ka ɗauki tsohon ka kai shagon masu boris, kada ma ka ambaci sunan babur, in ka ambata kuɗi zai hau. Buji NGK BP7ES ne. Tayar baya inci 18 ce, ana samu. Ta gaba inci 21, sai an ɗan nema. Sarƙarsa 520 ce, ba 428 ta baburan Sin da suka cika gari ba, kada yaron shago ya ce maka "duk ɗaya ne, Oga". Wayoyin birki da na kuloci, in ka kai tsohuwar, akwai masu haɗa maka daidai tsawonta.

Na cikin inji ne ke son ilimi. SR 500, ɗan'uwansa na kwalta da ya fito a 1978, kusan inji ɗaya suke, kaya da yawa suna shiga. SR 400 ma faɗin silindarsa milimita 87 ne kamar na XT, amma tafiyar fistinsa ta fi gajarta, saboda haka fistin da kiransha, wato sandar da fistin ke juyawa, ba su zama ɗaya ba, ko da yake matatar mai tana shiga. XT 550 da XT 600 kuwa suna kawai suka haɗa, injinsu daban ne mai bawul 4. Dillali zai rantse maka "XT ne", kuma bai yi ƙarya ba, kai ne ba ka tambayi wane ba. Haka masu ta da Honda XL 125 ke ruɗuwa da kayan CG 125, alhali XL da sarƙa yake juya bawul, CG da sanduna.

Ta Najeriya, ina aika wa abokan hulɗa a Mubi da Yola, su kuma su taɓo Ƙofar Ruwa a Kano ko kasuwar Nnewi. Kayan DT sun fi samuwa ta can fiye da na XT 500. A Duwala akwai Kam Yabasi, unguwar masu kayan gyara, sai a saka maka a motar da ke zuwa arewa. Ko ina ne, ka tura hoton tsohon kayan kusa da ma'auni, da lambar Yamaha in tana jiki, kuma kada ka biya duka sai ka ga hoton abin a hannun mutumin da ka sani. Fistin, ringi, gaskit, kontak da kayan cikin kafireta, in kana da ɗan'uwa a Faransa ko Jamus, gara ya sayo maka sababbi ya ba mai zuwa. A Hambug akwai kamfanin Kedo da ya ƙware a kan XT da SR. Shasi dai kada ka yi odarsa daga waje, kuɗin jirgi da na duwan, wato kwastan, za su fi ƙarfin babur ɗin.

Wutarsa ta asali bolt 6 ce, sai na ƙarshe-ƙarshe ne suka zo da 12, ƙwan fitila da batir na kasuwarmu kuwa duk 12 ne. Ni na mayar da nawa 12, masu son komai na asali su yi mini uzuri, ina dawowa daga Gashiga da dare. Tankinsa bai kai lita 9 ba, kuma da man zuwa-zuwa, wato fetur ɗin 'yan bumburutu na bakin titi, muke rayuwa, don haka ka saka 'yar matata tsakanin tanki da kafireta tun ranar farko.

In ka ci karo da XT 500 na biyu, ko ya ruɓe, saye shi. Ƙananan ƙarafan riƙe inji, noti-noti na musamman, cibiyar taya, hannun kik da ɗan hannun rage matsin inji su ne ba a samu a shago, kuma su ne ke tsayar da aiki wata da watanni. Nawa ya yi wata 14 kafin ya yi tari na farko. Har yau murfin gefen hagu nake nema, wanda ke jiki yanzu da gwangwanin alminiyam wani maƙeri ya buga mini shi. Wani tsohon direba ya ce ya ga irinsa rataye a wani gareji a Kuseri, bayan sallah zan hau in je in duba.