Yadda za a kai intanet mai ɗorewa zuwa gungu ko ƙauyen da ke nesa da turken waya

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗaya daga cikin gungayen Kogin Kwara a ƙasar Yawuri, ko a tsibiran Tafkin Chadi, ya san yadda ake neman sabis a can: mutum ya hau tudu ko bishiya, ya ɗaga waya sama, ya tsaya cik kada sanda ɗayar da ta fito ta ɓace kafin saƙon kuɗin kifinsa ya shigo. Kamfanonin waya ba sa gaggawar kafa turke a irin waɗannan wurare, domin mutanen ba su da yawa, babu wutar lantarki, kuma sai an yi dakon man janareta a kwale-kwale. Duk da haka, akwai abin da jama'ar gari za su iya yi da kansu, muddin suka bi matakan bi da bi.

Matakin farko shi ne aunawa, kuma a nan ne mafi yawan mutane ke yin gaggawa har su yi asarar kuɗi. Kafin a sayi komai, a samo layin kowane kamfani da ke aiki a yankin, a zagaya gari da su da safe, da rana, da kuma dare, har tsawon mako guda, ana rubuta abin da aka gani. Kada a dogara da sandunan da ke saman fuskar waya, domin kowace waya da yadda take ƙirga su. A wayar Android, a cikin saituna, wajen bayanin layi, akwai lamba mai alamar ragi da ake aunawa da dBm. Idan 4G ta nuna kusan -95, sabis ɗin yana da kyau. -110 yana da rauni amma ana iya gyara shi. Idan ta kai -120, da ƙyar za a yi aiki da shi. Ta haka za a san kamfanin da ya fi ƙarfi, da kuma kusurwar da turkensa yake.

Idan an sami ko da ɗan sabis mai rauni, maganinsa tsayi ne. Shimfiɗar ruwa ba ta da gini ko tsaunin da zai tare zangon waya, saboda haka eriya mai fuskantar kusurwa ɗaya, wadda aka ɗaura a kan dogon ƙarfe aka saita ta daidai da turken da ke gaɓa, tana iya sauya al'amarin gaba ɗaya. A riƙa juya ta a hankali, wani yana ƙasa yana karanta lambar, har a dace da inda ta fi kyau, sannan a ɗaure tamau saboda iska. Wayar da ke tsakanin eriya da rauta, wato na'urar da ake sa wa layin waya ta rarraba intanet, tana cin ƙarfin sabis gwargwadon tsawonta, don haka ya fi kyau a sa rautar a cikin akwatin da ruwa ba ya shiga, a can sama kusa da eriyar, sai a sauko da intanet ɗin ta wayar kwamfuta, wadda ke iya kai mita 100 ba tare da matsala ba. Lallai ne a kafa ƙarfen kariya daga tsawa, domin ƙarfe mafi tsayi a tsibiri shi aradu ke fara nema da damina. Ina kuma jan hankali game da na'urorin ƙara ƙarfin sabis da ake sayarwa a kasuwa: hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, NCC, ta hana amfani da su ba tare da izini ba, saboda suna dagula wa maƙwabta layi.

Inda babu sabis ko kaɗan, sai a koma ga tauraron ɗan'adam. Tsofaffin taurarin sadarwa suna nisan kusan kilomita 36,000 daga ƙasa, shi ya sa magana ke jinkiri a kansu, amma na kamfanin Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, suna shawagi ne a nisan kusan kilomita 550. Faifan da ke kamo sabis ɗinsa yana buƙatar sarari fetal, ba reshe ba rufi, kuma ruwan sama mai ƙarfi yakan katse shi na ɗan lokaci. Kuɗinsa na wata ya fi ƙarfin gida ɗaya a ƙauye, sai dai idan makaranta, da asibitin sha-ka-tafi, da masu POS, da ƙungiyar masunta suka haɗa hannu, aka kuma rubuta tun farko wanda zai riƙa karɓar kuɗi da wanda zai riƙe lambar sirri.

A ganina wuta ce ke kashe irin wannan aiki fiye da komai, don haka a yi lissafinta da alƙalami. Rauta ta 4G tana cin kusan wat 10, wato wat-awa (wat sau awa) 240 ke nan a yini da dare, abin da faifan sola ɗaya da batir ɗaya za su ɗauka cikin sauƙi. Babban faifan Starlink kuwa yana cin wat 75 zuwa 100, saboda haka aikin awa goma kawai zai iya lashe wat-awa 1,000. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200 a lissafi, amma idan na ruwa ne, rabin wannan kawai ya kamata a riƙa sha, in ba haka ba ya mutu da wuri. A ware wa intanet batirinsa daban, kada a bari a jona masa cajin wayoyin gari, kuma a riƙa goge faifan sola da tsumma mai laushi a lokacin hunturu, domin ƙurar da ke kwanciya a kansa tana rage wuta sosai.

Ko bayan komai ya kankama, kada a jingina da hanya ɗaya tak. A ranar 15 ga Janairun 2022 aman wuta a ƙarƙashin teku ya tsinke wayar intanet guda ɗaya da ta haɗa tsibiran Tonga na Tekun Pasifik da sauran duniya, aka shafe fiye da wata guda kafin a gyara ta. A watan Maris na 2024 ma wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin ruwa sun lalace a tekun Afirka ta Yamma, har harkar bankuna ta sami cikas a Najeriya da Ghana. Gari mai amfani da tauraro ya ajiye layin waya a gefe, mai amfani da layi ɗaya ya ajiye na wani kamfani. A kuma koya wa jama'a sauke darussa, da taswira, da takardu cikin dare lokacin da cunkoso ya ragu, sannan su san lambobin tura kuɗi na banki masu farawa da alamar tauraro (*), waɗanda ke aiki ko da 2G kaɗai ake samu.