Yadda ake kwance yarjejeniyar dole, salon Japanawa

Toh in dai jiragen yaƙi ne suka zo suka tsaya maka a bakin ruwa kamar yadda Perry, kwamandan sojan ruwa na Amurka, ya yi wa Japan a 1853, maganar ƙin sa hannu ma ba ta taso ba. Abin yi shi ne ka zauna ka ware abin da za ka iya saki da wanda za ka riƙe gam. Japanawa sun saki kuɗi suka riƙe ƙasa. A yarjejeniyar 1858 da Townsend Harris, wakilin Amurka, wakilansu Iwase Tadanari da Inoue Kiyonao sun yarda baƙo in ya yi laifi kotun ofishin jakadancinsu ce za ta hukunta shi, sun kuma yarda a ƙayyade musu kuɗin kwastan, wanda a 1866 aka ƙara zaftare shi ya koma kashi 5 cikin ɗari, amma fa aka haramta shigo da opiyom tunda sun ga yadda ta ƙare da Sin, kuma suka kafe cewa Bature ba zai wuce kamar kilomita 40 daga tashar jirgi ba. Ka riƙe wannan na ƙarshen, zai dawo.

Sai jan ƙafa. Takarda ta ce a buɗe Kanagawa, wadda ke kan babban titin zuwa Edo (Tokyo ta yau), sai suka je suka gina tasha a wani ƙauyen masunta can gefe wai shi Yokohama suka ce ai duk Kanagawa ce. Jakadu suka yi ta ƙorafi, 'yan kasuwa kuwa tuni sun tare. A 1862 kuma suka tura tawaga Landan ta samo ɗagin shekara 5 kan buɗe Edo da Osaka da Hyogo da Niigata.

Kar ka je teburi ba takardar izini. Tawagar Japan ƙarƙashin Iwakura ta isa Washington a 1872 da zumuɗin sake fasalin yarjejeniyar, aka tambaye su ina shaidar cewa sarki ya ba ku ikon sa hannu, babu, dole biyu daga cikinsu, Okubo da Ito, suka koma Tokyo ɗauko ta, kafin su dawo an gano cewa duk sassaucin da aka yi wa Amurka sauran ƙasashe za su samu a ɓagas saboda sharaɗin da ke cikin yarjejeniyoyin. Shikenan aka fasa, tafiyar ta koma ta buɗe ido da koyon aiki.

Kuma don Allah kar ka ɗauka kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Ministan harkokin waje Inoue Kaoru ya gina zauren liyafa na Rokumeikan a 1883 don burge Turawa, ana ta rawar Turawa da kwat da siket, ba abin da ya sauya. Da wani ministan harkokin wajen, Okuma, ya zo da shawarar a sa alƙalai baƙi a kotun ƙoli, wani ya jefa masa bam a 1889 ya rasa ƙafa. Mutanen gida ma sai ka lallaɓa su.

Abin da ya yi aiki shi ne toshe musu hujja. Turawa suna cewa dokokinku ba na zamani ba ne, sai aka rubuta kundin laifuka, aka yi tsarin mulki a 1889. Aka fara gwaji da Meziko a 1888, yarjejeniya ta daidai wa daida, don a nuna abu ne mai yiwuwa. Sannan aka tunkari mai ƙarfin cikinsu, Ingila, da tayi kan abin nan da aka riƙe gam tun 1858: ku bar kotunanku mu buɗe muku cikin ƙasa gaba ɗaya. Ministan harkokin waje Mutsu Munemitsu yana Tokyo, jakada Aoki Shuzo yana Landan, aka sa hannu a Yulin 1894, ta fara aiki 1899, sauran suka bi sahu. Kwastan kuwa sai 1911 minista Komura Jutaro ya ƙarasa ƙwato shi, shekara 53 ke nan bayan Harris.