Yadda Ake Barin Aikin Albashi a Koma Sana'ar Kai wa Mutane Abinci Mai Gina Jiki

Masu shiga wannan sana'a da yawa sun dogara ne da iya girki, alhali girkin shi ne ɓangare mafi sauƙi. Abin da ke kayar da mutum shi ne lissafi, da lokaci, da yadda abincin zai isa hannun mai shi bai lalace ba. Ga yadda za ka bi.

Mataki na 1: Gwada tun kana bakin aiki

Kada ka saki reshe ka kama ganye. Fara a ranakun hutu da mutum goma zuwa ashirin waɗanda za su biya da kuɗinsu. Yabon 'yan uwa da suka ci kyauta ba ya shiga lissafi. A wannan lokacin ka riƙa tara abin da zai riƙe gidanka aƙalla wata shida, ban da jari. Ka kuma duba takardar ɗaukarka aiki, domin wasu ma'aikatu sun hana sana'ar gefe.

Mataki na 2: Tsayar da waɗanda za ka ciyar

Ma'aikacin da ba ya samun sukunin girki, da mai motsa jiki, da mai hawan jini ko ciwon suga, kowa da abin da yake nema. Zaɓi rukuni ɗaya ka san shi ciki da waje.

Sannan in ka ce abincinka mai gina jiki ne, to ya zama kana da ma'auni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa, sukarin da ake ƙarawa kuma ya gaza kashi 10 cikin 100 na kuzarin da yake samu daga abinci. Saboda haka sayi sikeli, ka daina zuba gishiri da ƙiyasin hannu. Idan marasa lafiya za ka yi wa hidima, nemi ƙwararre a fannin abinci ya duba tsarinka, kuma kada ka taɓa cewa abincinka na warkar da cuta.

Mataki na 3: Izini da tsafta

Yi rajista ka karɓi lasisi. Dokoki sun bambanta; a wasu wurare ba a yarda a dafa na sayarwa a kicin ɗin gida ba, sai ka yi hayar wanda hukuma ta amince da shi.

Wajen tsafta ne ya kamata ka fi tsanantawa. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin salshiyos. Nama ya dahu har cikinsa ya kai digiri 70, mai zafi ya zauna sama da 60, mai sanyi ƙasa da 5, dafaffe kuma kada ya wuce awa biyu a ajiye a fili. Ɗan ma'aunin zafi da ake sokawa cikin abinci ba shi da tsada, ka mallaki ɗaya. A jikin kowane mazubi rubuta ranar girki da abubuwan da jikin wasu ba ya ɗauka, irin su gyada, madara, ƙwai, kifi da alkama. Mutum ɗaya ya kwanta asibiti ta dalilinka, labarin zai riga tallarka yaɗuwa.

Mataki na 4: Fitar da kuɗin kwano ɗaya

Auna duk abin da ya shiga kwano guda, har man girki da kayan ƙamshi. Masu gidajen abinci kan yi ƙoƙarin kada cefane ya wuce kusan kashi 30 cikin 100 na farashi. Sauran ba riba ba ce tukuna: akwai mazubi da cokali, gas, wutar firiji, man abin hawa, ganyen da ya yanƙwane aka zubar, da ladan wahalarka, wanda sababbin shiga suka fi mantawa. Manhajojin kai abinci kuma kan yanki kashi 15 zuwa 30 na kowace oda. A ganina gara ka riƙe su a matsayin hanyar samun sababbin kwastomomi, ka jawo masu dawowa su riƙa saye kai tsaye.

Mataki na 5: Oda kafin girki

Kala huɗu ko biyar sun isa a mako. A rufe karɓar oda kwana ɗaya ko biyu kafin girki, a biya tun farko, in da hali na mako ko na wata. Da haka cefanenka zai zo daidai da bakunan da ke jira.

Kafin ka sa wani abinci a jeri, yi masa wannan gwaji: zuba shi a mazubi, rufe, sa a jakar da ke riƙe zafi, ka zaga da shi a hanya na tsawon lokacin da kai oda zai ɗauka, sannan ka buɗe ka ci. Za ka ga wanda tururi ya jiƙa, da wanda romonsa ya tsiyaye ya ɓata murfi. Ɗanyen ganye da romo a ba su nasu mazubin daban. Wajen rarrabawa ma, taƙaita a yanki ɗaya. Oda goma a gini guda ta fi ashirin a warwatse.

Mataki na 6: Ajiye aikin

Duba littafin cinikinka na wata uku a jere. Idan yawancin kwastomomi suna sabunta oda ba tare da ka roƙe su ba, kuma abin da ya rage bayan duk kashe-kashe ya doshi biyan buƙatun gidanka, to rubuta takardar ajiye aiki. Ba da wa'adin da aka ƙayyade, ka miƙa aikin hannunka yadda ya dace, ka rabu da kowa lafiya, domin tsofaffin abokan aikinka ma suna buƙatar abincin rana, kuma sun riga sun san ka.