Darasi na Tara: Me Ya Sa Sarakunan Dā Suka Buga Kuɗin Zinariya da Azurfa?

Duk wanda ya saba zuwa ɗaurin aure ya taɓa jin malamai suna cewa mafi ƙarancin sadaki shi ne rubu'in dinari. To, daga ina dinari ya fito? Bari mu koma baya.

Tun kafin a san sulalla, mutanen Gabas ta Tsakiya suna ciniki da azurfa, amma a gutsuttsure. Kowane ciniki sai an ɗauko ma'auni. Bayan awo kuma ga sauran fargaba: azurfar nan tsantsa ce, ko an yi mata algus da dalma?

A ƙasar Lidiya, wadda take yammacin Turkiyya ta yau, aka samo mafita. Wani ƙaramin kogi da ya ratsa Sardis, babban birninsu, yana ɗauko gaurayen zinariya da azurfa. Wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sarakunan ƙasar suka riƙa yanka wannan ƙarfe daidai wa daida, suna buga masa tambarin kan zaki. Daga baya Sarki Korisus, wanda ya hau gado wajen shekara ta 560 kafin haihuwar Annabi Isa, ya sa aka raba ƙarafan biyu: kuɗin zinariya daban, na azurfa daban.

Tambarin nan alkawari ne. Sarki yana cewa, ni na auna, ni na tace, karɓi ka ƙirga kawai.

Kada dai mu ɗauka tausayin 'yan kasuwa ne kaɗai ya sa sarakuna wannan aiki. Babbar buƙatarsu ita ce biyan sojoji. Sojan da zai yi tafiyar wata uku ba zai ɗauki albashinsa da buhun hatsi ko tunkiya ba. Yana son abu ƙarami mai daraja, wanda ba ya tsatsa, gara ba ta cinsa, kuma duk garin da ya sauka za a karɓa. Zinariya ta dace da manyan biya, azurfa kuma da ladan ma'aikata da hidimar kasuwa.

Sai haraji. Ku lura da dabarar nan, domin ita ce zuciyar darasin. Sarki ya biya soja da sulalla, sannan ya ce talakawa su biya haraji da irin sulallan. Manomi ba shi da su, dole ya kai hatsinsa kasuwa ya sayar wa soja. Kuɗin ya fita daga baitulmali, ya zaga gari, ya ciyar da runduna, ya dawo baitulmali.

Akwai kuma suna. A zamanin da babu rediyo babu jarida, mutumin ƙauye yakan san an yi sabon sarki ne in ya ga sabuwar fuska a kan kuɗi.

Wanda ke riƙe da maƙera kuwa yana iya cin amana, kuma an ci. Rumawa sun fara buga kuɗin azurfa mai suna dinariyus wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa, kusan tsantsar azurfa. A shekara ta 64 Miladiyya Sarki Nero ya rage masa nauyi, ya ƙara tagulla. Na bayansa suka ci gaba, domin yaƙi ya yi yawa, baitulmali ya yi ƙasa. Zuwa wajen shekara ta 270, azurfar da ke cikin kuɗinsu ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Jama'a suka ɓoye tsofaffin sulalla masu kyau, kaya suka yi tsada. Abin takaici, mai ƙaramin ƙarfi da ke karɓar lada shi ya fi shan wuya.

Daga sunan dinariyus ne Larabawa suka sami kalmar dinari, dirhami kuma daga kuɗin Girkawa, dirakma. Da farko Musulmi da kuɗin Rumawa da na Farisa suke ciniki. A shekara ta 77 bayan Hijira, Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinarin da ba shi da hoton kowa, sai kalmar shahada da ayoyin Alƙur'ani. Nauyinsa miskali ɗaya, wato giram 4.25. A ƙasar Hausa kuwa, a dā wuri ne kuɗin kasuwa, zinariya kuma da miskali ake auna ta.

Aikin aji

Ku karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, ku rubuta su: ma'auni, tambari, algus, baitulmali, miskali.

Ku tattauna: yaya harajin sulalla ya tilasta wa manomi zuwa kasuwa?

Lissafi: nisabin zakkar zinariya dinari 20 ne. Idan dinari ɗaya giram 4.25 ne, giram nawa ne nisabin? Rubu'in dinari kuma fa?